Dillancin filaye da gidaje: yadda ake riƙe kai kafin la'ada ta kankama

Sabon dillali ya fara da gidajen haya. Haya tana juyawa da wuri, la'adarta galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Cinikin fili kuwa sai a yi wata uku ana kai-komo, la'adar kashi 5 ce, kuma a raba ta da duk dillalan da suka shiga tsakani. Ka zaɓi unguwa ɗaya ko biyu, ka san lungunansu da mai unguwa, ka raɓi tsohon dillali mai amana ka riƙa bin sa.

Takarda ce ke kayar da dillali. In fili awon gwamnati ne, kai lambarsa a bincika a hukumar adana bayanan filaye: KANGIS in a Kano kake, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, don a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki. Dokar filaye ta 1978 ta ce irin wannan fili ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa ministan birnin. In awon igiya ne, wato wanda ba gwamnati ta yanka ba, nemi takardar cinikin baya, ka ji ta bakin maƙwabta da dagaci. Filin gado ya fi komai haɗari: magaji ɗaya ya sayar, bayan shekara ƙanwarsa ta kai ƙara kotu, kai za a fara nema. Kada ka sa baki sai kowane magaji ya sa hannu ko ka ga takardar rabon gado. Ka kuma je ka duba wurin a watan Agusta, domin fulotin da ke fes da rani kan zama kududdufi da damina.

Watannin da babu ciniki su ne jarrabawar. Duk la'adar da ta shigo, raba ta uku: cefane, kuɗin mai da kati, sai ajiyar da ba a taɓawa. Kada ka saki tsohuwar sana'arka sai ajiyar ta kai ta wata 6. Kafin alƙalami kuwa kada ya kwana a hannunka, ko da gida babu abinci. Mai saye ya tura wa mai fili kai tsaye, gaban shaidu biyu, a rubuta. Da yawa daga nan suke karyewa: a taɓa kuɗin da niyyar mayarwa, ciniki ya rushe, mai kuɗi ya zo da safe yana sallama.