Kallon balo a Amurka: kada ka sa hannu ga takardar tele satin da ka sauka

Salamu alaikum 'yan Maradi da kunka sauka Amurka kwanan nan, da ku da ke nan gida kuna da ɗa ko ƙane a Bronx ko Greensboro ko Harrisburg, ku tura musu wanga rubutu. Maganar tele ce da kallon balo. Na san ba ta kai maganar haya da aiki da takardu ba, amma wallahi kuɗɗin da ke zurarewa ta nan duk wata sun isa a cika wa tsohuwa buhun hatsi, kuma abin haushin shi ne ka biya, ka zauna da shayinka, a ce tashar da ka biya dominta babu ta.

Mu nan abin da munka saba mai sauƙi ne. Ka kafa parabol bisa soro, ka sayi dekodar, ka je butik ko ka biya Canal+ ta waya, wata ya ƙare hoto ya ɗauke, in kana da kuɗɗi ka sabunta in ba ka da su ka tafi gidan kallo ko fadar abokai, ba mai binka bashi. Babban abokin gabarmu ɗaukewar kuran ne ana tsakiyar wasa. To can kuran ba ya ɗaukewa haka nan, tashar ce ke ɗaukewa. Kuma tun yanzu in faɗa, kada wani ya wahal da kanshi ya sa dekodar ɗin Canal cikin jaka, tauraron da ke ba mu hoto Afirka anka nufa da shi, kuran ɗinsu ma 120 ne namu 220.

Ga yadda abin yake. Masu tashoshi daban, masu kawo maka su gida daban. ESPN da ABC na Disney ne, amma wanda ka biya duk wata shi ne Spectrum ko Xfinity ko Optimum ko DirecTV, su kuma suna biyan Disney wani abu bisa kan kowane mai abonma, ko yana kallon wasanni ko bai taɓa buɗe tashar ba. Kamar Alhajin da ke shigo da kaya ne da mai shago a babbar kasuwa, in Alhaji ya ce buhu ya tashi mai shago ya ce bai saye haka, kai mai zuwa da kwano kai ke komawa hannu wofi, sai dai a nan kai ka riga ka biya kuɗɗin wata. Kwantaraginsu na shekaru ne, in ya kusa ƙarewa sai a fara ja-in-ja, kowa na turo maka saƙo shina cewa ɗayan ne mai haɗama, ka kira lamba kaza ka yi ƙorafi. Kuma ba banza ba kwanakin ƙarewar ke faɗowa farkon Satumba, lokacin da wasan ƙwallonsu na Amurka ke farawa, mai tasha ya san lokacin ne mutane ba su iya haƙuri.

Ran 31 ga Agusta 2023 tashoshin Disney sunka ɓace wa masu Spectrum, mutum wajen miliyan 15, ana cikin gasar tanis ta US Open, sai 11 ga Satumba sunka dawo, 'yan awowi kafin wasan daren Litinin na NFL, gasar ƙwallon nasu na Amurka. Lokacin kamfanin Charter mai Spectrum ya fito ya ce wajen dola biliyan 2.2 yake biyan Disney a shekara, ka ji irin kuɗɗin da ake faɗa a kai, ba don kai ake ba. Mutanenmu na Greensboro da yawa Spectrum gare su, sun san wannan. Shekara na zagayowa, 1 ga Satumba 2024, sai DirecTV da Disney, kwana 13 babu ESPN. Janairun 2025 kuma Optimum, wanda ya cika gidajen Bronx, ya sauke tashar MSG mai nuna Knicks ('yan basket) da Rangers ('yan hoki) na New York, sai cikin Fabrairu anka shirya.

Wanda ya fi shafar mu ma ba waɗannan ba ne. A 2018 Comcast mai Xfinity ya sauke beIN Sports, DirecTV ma ya bi baya, kuma beIN ita ce mai CAN da Ligue 1 a Amurka. Abin bai tada ƙura irin ta waɗancan ba, don masu kallonta mu ne baƙi, Afirkawa da Larabawa da 'yan Latin. Saboda haka in mai talla ya ce maka buke ɗinsu na da tashoshin wasanni sama da kaza, kada adadin ya ruɗe ka, yawancinsu besbol ne da golf da wasan makarantu, kai tambaye shi beIN na ciki ko babu, USA Network mai nuna wasannin Ingila na ciki ko babu, shi ke nan.

To da mutane sunka gaji sai sunka fara yanke kebul, wato abonman tele irin na su Spectrum da Xfinity, su bar intanet kaɗai su riƙa kallo ta manhaja. Ni ma nan na fi karkata, amma kada a yi maka daɗin baki a ce can babu rigima. YouTube TV da ya fara a 2017 dola 35 ne a wata, Janairun 2025 ya kai dola 82.99, kusan kuɗɗin kebul ɗin da anka gudu. Kuma ƙarshen Oktoban 2025 shi ma ya yi nashi faɗan da Disney, sati biyu babu ESPN babu ABC, anka lallashi mutane da ragin dola 20. Fubo da ake yabo wajen balo shi ma ya rasa tashoshin NBC cikin Nuwamban 2025, har da USA Network mai nuna wasannin Ingila. Amfanin manhaja guda ne kuma babba ne: ba kwantaragi, wata-wata ne, in sun ɓata maka rai yau ka soke yau ka koma wani wuri, irin dai yadda munka saba da abonma a gida.

Shi ya sa shawarata, kafin ka ba kowa lambar katinka, ɗauki takarda ka rubuta me kake kallo tsakaninka da Allah. Ba abin da kake so a ce kana kallo ba. In kai ɗan Real ne ko Barsa, La Liga tana wajen ESPN tun 2021, cikin manhajarsu ta ESPN+ (sun sake wa tsarin suna a 2025 amma wuri guda ne), ba ka buƙatar kebul ko kaɗan. Champions League da Serie A suna Paramount+. Ligue 1 da CAN beIN, ana samun ta ta Sling ko Fubo ko Fanatiz. MLS, gasar balon Amurka, in Messi ya ja ka, tana wajen Apple tun 2023. Ingila ce mai wuyar sha'ani, don NBC ke da ita tun 2013 kuma sun raba ta, wasu wasanni a Peacock, wasu a USA Network, wasu a NBC kanta. Nan mutane ke faɗawa rami, ka biya Peacock kana murna ka gama, ranar Arsenal da Chelsea ka buɗe a ce wanga wasa USA Network ne, sai dai ka jira maimaici. Duk sati duba jadawali tukuna. Peacock ɗin ma da dola 4.99 ya fara a 2020, a 2025 ya koma 10.99, don haka in ka tara manhaja huɗu biyar ka manta da su, lissafin ya koma inda ka baro. Champions League manyan wasanninta na hutu daga wasan ƙarshe har Satumba ai, to soke, in an dawo ka dawo.

Abin da ba mai faɗa maka don ba shi da riba ciki shi ne anten. E, anten irin na da, wanda muke ɗaurawa bisa gora don Télé Sahel, sai dai nasu ɗan falle ne kamar faranti, ka manna ga gilashin taga, ka soka wayar bayan tele, ka shiga menu ka sa ta nemo tashoshi. ABC da CBS da NBC da Fox da Telemundo da Univision duka kyauta suke zuwa ta iska, halal, ba biyan wata, hoto tas. Kofin duniya na 2026 Fox da Telemundo ke da shi, kuma ni dai ko ban jin Sifaniyanci na fi son ihun mai sharhin Telemundo in an ci. In ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa ne ko dogayen benaye sun rufe ka, rezo na iya yin gardama, sai ka yi ta matsar da shi taga zuwa taga, ka sake nema. Sayi mai arha ka gwada, ka aje resi.

Yanzu maganar takarda. Wani ƙanena satin shi na biyu wani mai talla ya tare shi cikin babban kanti, da fara'a da komai, ya ce intanet da tele da waya duka farashi kaza, ya sa hannu bisa allon kwamfuta bai karanta ba don Turancin bai zauna ba tukuna. Faktir na farko ya zo da hayar akwati (dekodar ɗinsu), da kuɗɗin tashoshin gari, da kuɗɗin wasannin yanki (wasannin da bai san ko dokarsu ba), da haraji, ga shi farashin na wata 12 ne kawai daga nan ya hau, ga kwantaragi na shekara 2 in ka fita ka biya tara. Da ya canza gida ya bar akwatin cikin kabad, sunka rubuta mashi kuɗɗinshi, sunka miƙa ga masu karɓar bashi, abin ya shiga tarihin bashinshi, wanda shi ake dubawa in za ka kama haya ko ka ɗauki mota. Saboda akwatin tele! Don haka tambayoyinka ga mai talla: nawa ne duka-duka da komai da komai, nawa zai koma bayan shekara, akwai kwantaragi? In ya fara kewaye-kewaye ce mashi sai ka yi shawara da yayanka, ka tafi abinka. In za ka maida akwati ka kai da hannunka, ka karɓi resi, ka ɗauki hotonshi. Gwajin kyauta na kwana kaza shi ma in ba ka soke ba da kanshi yake fara cirar kuɗɗi, sa ƙararrawa a waya.

Sayi intanet kaɗai, ka sami ɗan Roku ko Fire TV Stick ka soka ga tele in ba mai manhaja ba ce. In ku huɗu ne a gida ku haɗa ku biya guda, amma raba lambar sirri da ɗan uwa na wata jiha ba ya ɗorewa, YouTube TV na duba inda gidan yake.

Za ka haɗu da masu sayar da IPTV, tashoshi ta intanet ta bayan fage, a shagon aski ko wajen masallaci, su ce dola kaɗan a shekara ka samu Canal da beIN da komai na duniya. Ba zan yi kamar ban san mutanenmu na saye ba. Amma satar hoto ce a dokarsu, kai kuma da takardunka ba su gama nuna ba bai kamata ka nemi ko ƙaramar magana ba, sannan ranar babban wasa da kowa ya hau ranar yake tsayawa shina juyi, mai sayarwar kuma ya kashe waya. Ko me za ka yi dai kada ka ba irin waɗannan lambar katin bankinka.

Sai lokaci. Wasan Ingila na ƙarfe 3 na Asabar, da muke kallo nan bayan azahar ko wajen la'asar, can New York ƙarfe 10 na safe ne, na farkon kuma 7:30, Champions League ƙarfe 3 na rana ranar Talata da Laraba kana tsakiyar aiki, don haka mai tuƙin Uber ko mai aikin sito ya yi lissafi ko biyan ma ya cancanta. Kuma hoton intanet shina makara da daƙiƙoƙi, wani lokaci har wajen minti guda, kana kallon ana shirin bugun kwana sai ga saƙon murya daga 'yan fadarku na Zariya ko Ali Ɗan Sofo suna ihun an ci. Kife wayar har a tashi.

Kokowa kuwa ba ta cikin buken kowa a can, ko ka biya dola nawa. Lokacin gasar takobi sai ka nemi Télé Sahel ta intanet ko masu sa ta kai tsaye a Facebook da YouTube, ka tura daga waya zuwa tele, kuma da yake da marece ake karawa a gida, can da safe ko wajen tsakar rana za ta same ka.