Darasi na Tara: Yadda Ake Zane da Hasken Rana

A cikin kowace wayar salula akwai wani ɗan ƙaramin abu wanda bai wuce girman farce ba, shi ne ƙwaƙwalwar waya. Hanyoyin lantarkin da ke cikinsa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, har babu hannun da zai iya zana su, saboda haka da haske ake zana su. Wannan darasi zai nuna wa uba ko uwa yadda za su gwada wa yaro asalin wannan dabara a tsakar gida, da kayan da ake samu a kasuwar Garwa ko ta Marwa.

Za a nemi garin gangamau cokali biyu, da sifirit na wanke ciwo daga kantin magani, da farar takarda mai ɗan kauri, da gilashi kamar na taga, da ɗan gutsuren kanwa. A zuba garin a cikin rabin ƙaramin kofi na sifirit, a motsa, a tace da tsumma mai tsabta. Ruwan zalla ba ya fitar da launin gangamau sosai, shi ya sa ake amfani da sifirit. Babba ne zai riƙe kwalbar, kuma a yi nesa da murhu domin sifirit yana kama wuta. A shafa ruwan a kan takarda da auduga, a bar ta ta bushe a cikin ɗaki.

Idan ta bushe, sai a ce wa yaro ya tsinko ganyen darbejiya ko na zogale, ya shimfiɗa a kan takardar, a danne da gilashi don kada iska ta gusar da shi, a ajiye a rana. Da zafin watan Maris, awa uku zuwa huɗu sun isa, amma lokacin hazo sai an ƙara haƙuri. Da aka ɗaga ganyen, za a ga duk inda rana ta taɓa ya koɗe, inda ganye ya rufe kuwa yana nan rawaya shar. Daga nan a jiƙa kanwa a ruwa, a zuba a hankali a kan takardar. Nan take siffar ganyen za ta juya ja mai duhu, har tsinin kowane ɗan ganye ya fito. A wannan lokacin ya kamata a ƙyale yaro ya yi ta tambaya, kada a yi gaggawar ba shi amsa.

A masana'antar da ake ƙera ƙwaƙwalwar waya, faifan silikon ne a madadin takarda, kuma daga wani irin farin dutse mai kama da yashi ake tace silikon ɗin. Ana shafa masa maganin da haske yake sauyawa, a haska shi ta cikin wani gilashi mai ɗauke da zane, wanda shi ne ganyen darbejiyarsu. Sai a wanke, zanen ya fito, a sassaƙa wuraren da suka buɗe da sinadari, a sake maimaitawa sau da yawa hawa bisa hawa. Kamfanin ASML na ƙasar Holan ne yake ƙera injunan da suka fi kowanne iya wannan aiki. Tushen abin kuwa tsoho ne, domin wajen shekarar 1826 wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya shafa kwalta a kan farantin ƙarfe, haske ya ƙandarar da inda ya taɓa, ya wanke sauran, hoto ya bayyana.

Hoton gangamau ba ya son rana bayan an gama shi, domin za ta ci gaba da cin launinsa. A rubuta sunan yaron da kwanan wata da adadin awannin da takardar ta yi a rana a bayanta, a sa ta cikin littafi, a zo da ita aji a mako mai zuwa domin a gwada ta da na sauran ɗalibai.