Darasi: Kare Mai Zawo da Ramewa

Karen gadi ko na farauta zai iya yin zawo kwana ɗaya ko biyu idan ya ci abin da ya lalace, ya kuma warke da kansa. Zawon da ya wuce mako uku, ko mai tafiya yana dawowa, ga karen yana ramewa, shi ne abin da wannan darasi zai duba. Irin wannan yana da dalili a cikin jiki, kuma sai an gano dalilin magani yake ci.

Fara da awo

Ido yana ruɗi, musamman ga kare mai gashi. Hau sikeli kai kaɗai ka rubuta nauyinka. Sake hawa kana riƙe da karen, ka cire na farko daga na biyu. Yi haka rana ɗaya a kowane mako, da safe kafin ya ci abinci. Karen da ya rasa kashi 1 cikin 10 na nauyinsa, misali daga kilo 20 ya koma 18, ba na jira ba ne. Wannan awon shi ne kuma zai nuna yawan maganin da za a ba shi.

Shafa haƙarƙarinsa. Mai lafiya ana jin ƙasusuwan da hannu ba tare da sun fito fili ba. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi: ja-ja mai danshi ake so. Idan ya yi fari, jini ya ragu. Ja fatar wuyansa ka saki. Idan ta yi jinkirin komawa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Abin da kashin yake nunawa

Mutane da yawa suna ƙyamar duba kashin kare, amma rabin amsar tana nan. Kashi mai yawa mai ruwa-ruwa tare da rama yana nuna abincin ba ya narkewa a ƙaramin hanji. Kashi kaɗan-kaɗan, da majina ko ɗigon jan jini, karen yana ta yunƙuri, matsalar babban hanji ce. Baƙin kashi mai danƙo jini ne da ya zubo daga can sama. Idan ka ga fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin ko a ƙarƙashin wutsiya, guntayen tsutsa ce mai faɗi, kuma yawanci ta hanyar haɗiye ƙuma kare yake kamuwa da ita.

Ɗebi sabon kashi kamar cikin ƙaramin cokali da tsinke ko leda, sa a kwalba mai murfi, kai asibitin dabbobi a ranar. Idan da hali a kai na kwana uku, domin ƙwan tsutsa da ƙwayar jiyadiya, wadda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, ba kullum suke fitowa ba.

Tsutsar ciki

A unguwanninmu, inda karnuka suke yawo suna cin bola, tsutsa ce abin zargi na farko. Mafi muni ita ce mai kama bangon hanji tana shan jini. Tana iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Maganin fenbendazole ana ba da miligiram 50 ga kowane kilo, sau ɗaya a rana, kwana 3 a jere. Karen kilo 15 zai sha miligiram 750 kullum. Idan na ruwa ne mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, mililita 7 da rabi ke nan, a auna da sirinji marar allura. Tsutsa mai faɗin da ƙuma ke kawowa ba ta jin wannan. Nata praziquantel ne, miligiram 5 ga kowane kilo, sau ɗaya. A maimaita fenbendazole bayan mako 2 zuwa 3, domin zagayen farko ba ya kashe ƙananan da ke yawo a jiki.

Inda ake yin kuskure: a ba da na kwana ɗaya a tsaya, ko a yi kirdadon nauyi a ba da ƙasa da ƙima. Wasu kuma suna ɗura wa kare albendazole na awaki, alhali yana iya taɓa ɓargon kare, yana kuma illa ga mai ciki. Sannan idan ba a kwashe kashin tsakar gida kullum, ba a kashe ƙuma ba, tsutsar za ta dawo. Yaran da ke wasa da ƙasar wurin ma suna iya ɗauka. Babban kare a riƙa ba shi maganin tsutsa duk wata 3. Kwikwiyo tun yana mako 2 ake farawa.

Gwajin abinci

Ragowar tuwo da miya mai yaji, manja, albasa da tafarnuwa ba ta dace da hanjin da ya riga ya gaji ba. Albasa ma tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Madara tana sa manyan karnuka da yawa zawo. Ɗanyen huhu da hanta daga kwata suna kawo wata tsutsa mai haɗari har ga mutane, don haka a dafa su sosai.

Dafa shinkafa ta yi laushi, kashi biyu, da nama iri ɗaya marar kitse, kashi ɗaya, ba mai, ba gishiri, ba magi. Raba abincin yini gida 3 ko 4. Ci gaba har mako 2, kada kowa a gidan ya jefa masa wani abu, kuma a ɗaure shi kada ya je bola. Loma ɗaya ta wani abinci tana ɓata gwajin. Idan kashi ya ɗaure, a komar da shi cikakken abinci a hankali cikin kwana 5 zuwa 7, domin shinkafa da nama kaɗai ba za su riƙe shi tsawon watanni ba. Ruwa mai tsabta kada ya yanke: karen kilo 15 yana bukatar kusan lita ɗaya a yini, fiye da haka a lokacin bazara.

Idan bai yi sauƙi ba

Akwai karen da yake ci kamar ba zai ƙoshi ba, yana ramewa, kashinsa tuli, fari-fari mai maiƙo da ɗoyi. An fi ganin haka ga karnukan Jamus da ake kira Alseshiyan. Gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, fankiriyas, ita ce ta gaza. Gwajin jini yake tabbatarwa, maganinsa garin sinadarin narkarwa a kowane abinci har ƙarshen rayuwa, sau da yawa da allurar bitamin B12. Cutar kaska, sammore a yankunan tsando, da ciwon ƙoda ko hanta su ma suna ramar da kare. Inda asibitin gari ba shi da kayan gwaji, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Kada a ba kare ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki; farasitamol ma yana iya lalata masa hanta. Amai da ba ya tsayawa, zawon jini, farin dasashi, ko ƙin shan ruwa, a kai shi likita a ranar, tare da takardar awon nauyi da kwalin duk maganin da aka riga aka ba shi.