Kurakuran da aka fi yi a yawon mota na Alaska da Yukon

Yanzu da mutanenmu suka yi yawa a Amurka da Kanada, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da iyaye masu zuwa ganin 'ya'ya, Alaska ta fara shiga ran mutane, musamman irin tafiyar nan da kamfani ke haɗa ku a bas ko ƙaramar mota da ɗan jagora, a bi ta duwatsun bakin teku ana tsayawa wurin kogunan ƙanƙara da gandun daji. Tafiya ce mai kyau wallahi amma kuɗinta ba wasa ba, kuma abin da ke ɓata ta yawanci tun kafin a biya kuɗi ake yin sa.

Babban cikinsu raina nisa. Alaska ta kusa ninka Najeriya biyu a faɗin ƙasa, mutanenta ko miliyan ɗaya ba su kai ba, tituna kuma ƙalilan ne. Sai ka ga mutum ya zaɓi tsarin da ya fi yawan sunayen wurare, wai a kwana shida za a ga gandun Denali a ga garuruwan Seward da Valdez a leƙa yankin Yukon na Kanada, yana ganin ya ci riba, alhali zama a mota ya saya, a tashe ku da asuba a tsaya minti ashirin a ɗau hoto a ce ku koma ciki. Kafin ka biya ka ce su rubuta maka awa nawa ake yi a hanya kowace rana, kuma ina ne za a kwana biyu a jere. In babu inda za a kwana biyu, nemi wani tsarin. Sannan ka duba taswira da kanka, don Juneau babban birnin jihar ma babu titin da ke kai mutum can, sai jirgin sama ko na ruwa, to wanda ya ga hoton ƙanƙarar Mendenhall da ke Juneau yana zaton bas za ta biya da shi ta nan ya sake lissafi.

Denali ma akwai abin tambaya. Hanya ɗaya ce tak ke shiga gandun, tsawonta mil 92, motar gida ba ta wuce mil 15, daga nan sai bas ɗin gandun. A watan Agusta 2021 zaftarewar ƙasa a wurin da ake kira Pretty Rocks ta sa aka rufe hanyar daga wajen mil 43, aka shiga aikin gada, don haka duk wanda ya nuna maka hoton can ƙuryar gandun ka tambaye shi ƙarara, bana har ina bas ke kaiwa? Shi kansa babban dutsen da ke cikin gandun, mai tsayin mita 6,190, gajimare na rufe shi yawancin ranakun zafi, da yawa suna zuwa su koma ba su gan shi ba. Maganin kawai ka ba wurin kwana biyu ko uku, kar ka ɗora duk burinka a kan safiya ɗaya.

Sai biza, wannan kam ta fi shafarmu. Hanyoyin da suka fi kyau a yankin suna ratsa ƙasa biyu ne. In ka tashi daga Haines ko Skagway, duka a Alaska suke, amma babu yadda za ka isa Anchorage, birni mafi girma a Alaska, a mota ba tare da ka shiga Kanada ba, ka bi ta Yukon gefen gandun Kluane inda dutsen Logan yake, mafi tsayi a Kanada, sannan ka sake shigowa Amurka. Ba'amurke fasfo kawai zai miƙa, shi ya sa wani kamfanin ko ambatar zancen ba ya yi, amma mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana da ke kan bizar Amurka sai da bizar Kanada, kuma sai ya tabbatar takardunsa sun ba shi damar komawa Amurka bayan ya fita. Dokokin nan suna ta sauyawa kwanan nan, kar ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyu da suka wuce, ka warware wannan kafin ko dala ɗaya ta fita daga aljihunka, in kuma ba ta yiwu ka zaɓi tsarin da bai fita Alaska ba, akwai su da yawa. Ka kuma tuna a lokacin zafi agogon Yukon yana gaba da na Alaska da awa ɗaya.

Kaya. Mutane kan yi ɗayan biyu, ko su jibgo ƙaton kwat ɗaya kamar za su kwana a firiza, ko su ce ai watan Yuli ne su taho da shadda da wandon jins. Abin da ke wahalarwa a bakin tekun nan ruwan sama ne da iska, auduga kuma in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Ka sa riga ta ciki wadda ba auduga ba, ka ɗora suwaita, ka ɗora rigar ruwa ta gaske mai hula, ana cirewa ana mayarwa duk yini. Takalmi mai riƙe ƙasa wanda ka riga ka saba da shi, safar hannu, tabarau don hasken ƙanƙara na kashe ido. Sauro kuwa a Yuni da Yuli ba a magana, ba sa sa maleriya amma cizonsu ya ishe ka, tafi da maganin shafawa.

Inda na fi so a ji ni shi ne kan ƙanƙarar kanta. Daga nesa tana kama da fili mai santsi, in ka matso sai ka ga tsagogi masu shuɗi da ba ka ganin ƙarshensu, da ramukan da ruwan narkewa ke kwarara ciki, kana jin ƙararsa ƙarƙashin ƙafarka, wani ramin kuma dusar ƙanƙara ce kawai ta lulluɓe bakinsa. A Matanuska, gefen titin Glenn, ɗan jagora zai ba ka hular kwano da ƙarafa masu haƙora ka ɗaura a takalmi, ya ce ka taka inda ya taka. To ka taka inda ya taka ɗin, kar ka ja baya kana neman kusurwar hoto da waya a hannu. Haka bakin ƙanƙarar, ba a zuwa a jingina da shi don gutsure yake yi ba sanarwa. A Exit Glacier kusa da Seward akwai alluna a gefen hanya da shekaru a rubuce, kowanne na nuna inda bakin ƙanƙarar yake a waccan shekarar, kana wuce allo kana ci gaba da tafiya cikin bishiyoyi ƙanƙarar na can gaba, abin na taɓa zuciya, ka tsaya ka karanta su kar ka wuce da gudu. Sannan a hanyar Seward ɗin, gefen reshen tekun da ake kira Turnagain Arm, in ruwan teku ya janye za ka ga fili shimfiɗe kamar yashi, laka ce mai riƙe ƙafa kuma ruwan da sauri yake dawowa, an rasa rayuka a nan. Kar ka sauka.

Dabbobi kuma kowa beyar yake tsoro, amma mus, ƙatuwar dabbar nan mai dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙaho, ta fi jikkata mutane a Alaska, saboda ana ganinta shiru-shiru sai a matsa, uwa mai ɗa kuwa ba ta da wasa. Dokar Denali ita ce yadi 300 tsakaninka da beyar, yadi 25 da sauran dabbobi. In kun haɗu da beyar ba a gudu, ba a barin abinci a jaka a waje, kuma feshin barkonon da ake kore ta da shi ba a hawa jirgin sama da shi, can za ka saya ko ka bar wa ɗan jagora.

Salla da abinci su ma a shirya su tun daga gida. A ƙarshen Yuni rana na yin sama da awa 19 a Anchorage, dare bai gama duhu ba gari ya waye, manhajar waya sai ta ba ka lokutan Isha da Asuba masu rikitarwa. Ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi da na irin waɗannan ƙasashe kafin ka tashi, akwai masallaci ma a Anchorage da za ka ga jadawalin da suke bi, ka gaya wa ɗan jagora tun ranar farko cewa kana son 'yan mintuna a wurin tsayawa, ba abin kunya ba ne. Kifi ya wadata, salmon da halibut, amma sosej ɗin nan da ake tallatawa da sunan naman barewar arewa sau da yawa da alade a ciki, karanta takardar ko ka tambaya. Rashin duhun daren nan ne kuma ya sa mai zuwa a Yuni don ganin hasken nan mai launi da ke rawa a sama zai koma bai gani ba, sai daga ƙarshen Agusta dare ke yin duhun da za a gan shi.

Masu cewa za su yi haya su tuƙa da kansu su huta da kuɗin jagora, ku karanta yarjejeniyar. Hanyar McCarthy mai shiga Wrangell-St. Elias, gandun da ya fi kowanne girma a Amurka, kusan mil 60 ce ta tsakuwa a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasan ma'adinan Kennecott da aka rufe a 1938, kamfanonin haya da yawa sun hana shiga irinta, in taya ta fashe ko gilashi ya tsage kai za ka biya, sabis ɗin waya kuma babu a wurare da dama. Ko da jagora kake ka sauke taswira a waya, ka yi inshorar lafiya wadda ta haɗa da ɗauko mutum a jirgi daga daji, ka kuma ware kuɗin tukwicin direba da ɗan jagora daban, don a can al'ada ce kuma yawanci ba ya cikin kuɗin da ka biya kamfani.