Yadda Ake Gano Ƙarar Sarƙar Taimin A Injin Fijo 504 Da Yadda Ake Gyara Ta

Duk mai riƙe da tsohuwar Peugeot 504 a Kano, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, ya san ƙarar nan ta kacau-kacau da ke tasowa daga gaban inji. Yaran garejinmu da sun ji ta sai su ce "Oga, taimin cen ce," su rarumo sifana. Taimin cen ita ce sarƙar taimin, wadda ke haɗa karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandan da ke buɗe bawul, don su riƙa juyawa tare. Sau da yawa kuwa ba ita ba ce. Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka tabbatar.

Ka fara da sassafe, inji na sanyi. Duba baƙin mai tukuna, domin abin da ke tokare sarƙar, wato tenshina, da ƙarfin mai yake aiki. Tayar da motar ka kasa kunne. Idan ƙarar ta yi daƙiƙa kaɗan ta ɗauke, mai ne yake jinkirin isa tenshina, kuma wannan ya fi yawa da hunturu, lokacin da mai kan yi kauri. Idan ta ci gaba har inji ya ɗau zafi, musamman a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, to akwai magana.

Sai ka cire fambel ka sake tayarwa, amma kada ta wuce minti ɗaya, tunda ruwa ba ya zagayawa. Ƙara ta ɓace? Famfon ruwa ne ko altaneta, ka huta da babban aiki. In tana nan, ɗora bakin doguwar sukudireba a kan murfin taimin, ka kara ƙotar a kunnenka, sannan ka maimaita a murfin saman inji. Tafet, wato abin da ke danna bawul, yana yin tik-tik ne a jere, daga sama. Sarƙa kuwa kamar ana jan ta a kan kwano take, ba ta da tsari.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi. Kashe inji, buɗe murfin distiributa, mai raba wa fulogogi wuta, sa sifana a notin fulin karanshaf, juya gaba kaɗan, sannan ka dawo baya a hankali idonka na kan roto, abin da ke juyawa a cikin distiributa. A 504 kamshaf ce ke juya distiributa, saboda haka duk tafiyar da fuli ya yi kafin roto ya motsa, sakin sarƙa ne. Ni dai in ya kai faɗin yatsa, buɗewa nake yi.

Wajen sayen kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, tafi da tsofaffin a hannunka. Sayi sarƙa da tenshina da gasket da sil tare. Kada ka sayi sarƙa ta hannu, wai ta Beljiyam. Ba ka san nisan da ta ci ba. Dubi haƙoran giyoyi biyun da sarƙar ke hawa, ta kamshaf da ta karanshaf, in sun yi tsini ko sun karkata gefe guda, su ma su tafi. Kuɗin zai yi zafi, amma sabuwar sarƙa a kan cinyayyen haƙori ba ta daɗewa.

Fitar da lagireto da fanka da fuli, kwance murfin. Kafin ka zare tsohuwar, juya inji har alamun giyoyin su zo inda kake ganinsu sosai. Sabuwar sarƙa tana da 'ya'ya masu launi daban: biyu a jere suna saka alamar giyar kamshaf a tsakiya, ɗaya kuma yana zama a kan alamar ta karanshaf. Muddin sarƙa tana waje, kada ka juya ko ɗayansu.

Yanzu ga inda na sha kunya. Wani Alhaji ya kawo mini motar da ya gada daga mahaifinsa, na sa masa komai sabo, ya biya, ya tafi. Ko mako ba a yi ba sai ga shi. "Malam, ai ƙarar tana nan yadda ka san ta." Na sake kwancewa da kuɗin aljihuna. Ashe a bayan tenshina, cikin jikin bulok, akwai 'yar ƙaramar matata da mai ke bi, kuma ta toshe da dattin tsohon mai kamar kwalta. Sabuwar tenshina tana zaune, ko ɗigo ba ya isa gare ta. Tun daga ranar sai na zaro matatar nan, na wanke ta da fetur, na busa ramin da iska, na ga hanya ta buɗe da idona. Motar da ta shekara tana shan ƙurar Kano ba a juye mata mai a kan kari ba, kusan dole ka tarar da haka.

Abu na biyu a nan: sabuwar tenshina a kulle take zuwa. Bayan ka ɗaure ta, sai ka sake ta, wato ka buɗe makullinta, wata da alanki, wata da sukudireba, ya danganta da irinta. Ka ga bakinta ya fito ya tokare sarƙa da kansa. Kada ka tura shi da ƙarfi don wai ya ƙara tauri, robar za ta cinye da wuri. Na ga yaron da ya rufe murfi bai sake ta ba.

Juya inji da hannu zagaye biyu, ka ji babu inda ya cije. Sa gasket da sil, mayar da murfi da fuli da lagireto. Juye mai, canja filta. Gyara tafet inji na sanyi, sannan ka sake saita wuta, domin sabuwar sarƙa takan ɗan gusar da ita. Ka tuna a Fijo silinda ta 1 tana can baya ne, wajen kuloci.