Kurakuran da aka fi yi a lissafin yiwuwa idan ana ciro abu ana mayarwa

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, ɗalibanmu na Sakkwato kan ci karo da tambayar jaka: a ciro abu, a mayar, a sake cirowa. Maki ne mai sauƙin samu, amma ana zubar da shi a banza, kuma abin na damuna ƙwarai.

A ce jaka na ɗauke da goro 5, ja 3, fari 2. Ka zura hannu ba ka leƙa ba, yiwuwar ka ciro ja ita ce 3/5. Idan ka mayar da shi aka girgiza, jakar ta koma yadda take, don haka cirowa ta biyu ma 3/5 ce. Kuskuren farko shi ne rage goro ɗaya a rubuta 2/4. Wannan sai in ba a mayar ba. Karanta tambayar sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin inda aka ce an mayar.

Wasu kuma tarawa suke yi maimakon ninkawa. Ja sau biyu a jere shi ne 3/5 × 3/5 = 9/25. Wanda ya tara zai samu 6/5, alhali yiwuwa ba ta wuce 1.

In aka ce ja ɗaya fari ɗaya, hanya biyu ce: ja sannan fari, ko fari sannan ja. Kowace 6/25, jimla 12/25.

Inda aka fi faɗuwa shi ne "aƙalla sau ɗaya". Dubi masu wasan ludo da yamma a ƙofar gida. Yaro na jiran shida don ya fito, ya rantse cewa in ya jefa sau 6 dole ta zo, tunda 6 × 1/6 = 1. Ba haka ba ne. Fara lissafa yiwuwar kada ta zo ko sau ɗaya: ninka 5/6 da kanta har sau 6, ka samu 15625/46656. Cire wannan daga 1, abin da ya rage kusan 0.665 ne. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku zai gama jifa shida bai fito ba. Kuma ɗan ludon da ake jefawa ba ya riƙe abin da ya wuce a kai: ko an yi jifa goma babu shida, jifa na gaba yana nan a 1/6.