Yadda zaka gane ko kuloci ne ko giyabos, kafin a sauke maka komai

Tsohuwar Nissan Hardbody ɗin da nake ɗauko doya da ita daga Techiman zuwa Kumasi, bara ta fara ƙin shiga giya, musamman ribas da namba ɗaya. Wani fita ko leƙa ƙasan motar bai yi ba yace giyabos ya tafi. Aka sauke, mota ta kwana huɗu a gareji, aka mayar, matsala tana nan yadda take. Ashe wata 'yar roba ce ta mutu a silindar kuloci. Wallahi har yau abin na min ciwo, shi yasa nake so 'yan uwa masu tsofaffin fikof su san gwajin da zasu yi da kansu tun a ƙofar gida.

Fara da wannan, ko sifana baka buƙata. Kashe inji, ja hanbirki, taka kuloci ka zagaya giyoyin duka ɗaya bayan ɗaya. Sai ka tada motar ka sake. In a kashe suna shiga sumul amma da inji ya tashi sai gurnani da turjiya, toh ka bar giyabos ya huta, kuloci ne baya sakin inji gaba ɗaya. Ribas ne zai fara kuka, domin a galibin tsofaffin motocin nan bashi da zoben tagullan da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, wanda fitoci ke kira sinkiro.

Daga nan buɗe bonet. Hardbody da tsohuwar Hilux da mai kulocinsu ke aiki, akwai ɗan ƙaramin kofi kusa da na birki ta ɓangaren direba, man birki ake zuba masa, DOT 3 ko abin da aka rubuta a murfin. In ya yi ƙasa to wani wuri yana yoyo, man nan baya ƙonewa ya ragu kamar man inji. Shiga cikin mota ka sa hannu can saman feda inda sandar ke shiga jikin mota, in ka ji laima ko ka ga kafet ya jiƙe, silindar sama ce. In nan a bushe yake, sa dutse a taya ka kwanta ƙasa ka duba silindar ƙasa da ke manne da giyabos, ka ɗan janye robar bakinta, mai ya zubo kenan ita ce. Wani lokacin kuma babu yoyo ko ɗigo, man yana zagayewa ne ta cikin robar da ta lalace, irin wadda ta same ni kenan, kuma gane ta ba wuya: taka feda sau biyar shida da sauri ka sa giya, in ta shiga lafiya, ko kuma ka danne feda ka riƙe a giya ɗaya ka ji mota na son tafiya da kanta bayan ɗan lokaci, magana ta ƙare.

In ka canza roba ko silinda dole a fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka sau uku huɗu ya riƙe, na ƙasa ya kwance ɗan notin silindar ƙasa mai ya fito da kumfa, ya ɗaure tukuna na sama ya ɗaga ƙafa. Haka zaku yi ta yi har kumfa ta ƙare, ana ƙara mai a kofi kada ya ƙafe, in ya ƙafe kun koma farko. A kula man nan yana cin fenti.

Duba wasan feda ma. Danna da yatsa, ya kamata ta ɗan tafi a banza kamar milimita 5 zuwa 15 kafin ka ji nauyi. Ya yi yawa, kuloci ba zai saki ba. Babu ko kaɗan, zai riƙa zamewa. In kulocin motarka mai waya ne ba mai aiki da mai ba, noti ne kawai ake juyawa a daidaita wasan.

Zamewa ita ce ɗaya fuskar matsalar. Ka ɗauko lodi kana hawan tudu, ka ba ta wuta inji na ihu amma mota bata ƙara gudu, ga wani wari kamar ana ƙona roba. Nemi fili inda babu kowa a gabanka, ja hanbirki sosai, sa giya huɗu, ɗan ba da wuta ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci take zai kashe inji. In inji ya ci gaba da aiki, filet, wato faifan kuloci, ya cinye. Sau ɗaya ya isa, kar ka maimaita kana ƙara ƙona shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗora ƙafa kan feda a cunkoson shataletalen Suame a Kumasi, da riƙe mota da rabin kuloci a gangara maimakon birki, da lodin da ya fi ƙarfinta, su ke cinye filet kafin lokacinsa.

Kunne ma kayan aiki ne. Ƙara ta taso sai ka taka kuloci, boris ɗin da ke danna firesha filet ne, wato murfin da ke matse filet. Mota na firi tana ƙugi, ka taka ya ɗauke, wannan boris ne na cikin giyabos. In kuma tana karkarwa lokacin tashi, duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kai tukuna, sannan a yi zargin baƙin mai ya tsallako ta sil ɗin bayan inji, robar da ke tare mai, ya jiƙa filet. Motar da ta daɗe a ajiye da damina kuwa, tsatsa kan manne filet da fulawil, faifan ƙarfen bayan inji da filet ke kamawa, feda na tafiya daidai amma giya ta ƙi.

Yaushe ne giyabos ke da laifi? In giya ɗaya tak ke gurnani sauran lafiya, yawanci ta biyu ko ta uku, sinkironta ya gaji. In tana fita da kanta kana tafiya, haƙora ko cokalin da ke tura giyar. Ko a nan ma kwance notin gefe ka sa yatsa, man giya ya kamata ya kai bakin ramin, da yawa zaka tarar rabi ne ko ya zama kamar kunu. Tsofaffin nan galibi GL-4 suke so, wasu man GL-5 na cin tagulla, duba littafin motarka. Robobin gindin sandar giya ma in sun cinye sanda sai ta riƙa yawo kamar muciya a tukunya, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

In dai ta kama dole a sauke, masta, roƙona ɗaya: canza filet da firesha filet da boris lokaci guda, har da ɗan ƙaramin boris na tsakiyar fulawil da sil in yana gumi, don kuɗin aikin saukewa ba abin biya sau biyu bane. Ɗauki tsohon filet a hannunka zuwa Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame, ka ɗora shi kan sabon ka ga faɗi ɗaya ne, ka ƙirga haƙoran tsakiya. Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin, filet yana da fuskar da ke kallon fulawil, galibi a rubuce take a jikinsa, in yaro ya juya shi giya ba zata shiga ba sai an sake saukewa.